Wainar Ƙwan Uwa Poulard: Tarihin Wata Suya a Bakin Teku

Yau zan ɗan ajiye zancen littattafai in leƙa madafa, amma da tarihi a hannuna. Wainar ƙwai dai babu wanda bai san ta ba, daga teburin mai shayi har zuwa manyan otal-otal, sai dai wata takan fito a kwance kamar faifai, wata kuma ta tashi ta yi laushi kamar audugar rimi. Cikin masu tashin nan, wadda ta fi yin suna a ƙasar Faransa ta wata mata ce da ake kira Uwa Poulard, kuma labarinta nake son ba ku, domin akwai abin ɗauka a ciki ga duk mai suya a gida.

Ita suyar ƙwai tsohuwar aba ce. A littafin girkin Rumawa da ake jingina wa Apicius akwai ƙwai da ake kaɗawa da madara a soya, a zuba zuma da masoro a kai. A wajajen 1393 kuma wani littafin kula da gida mai suna Le Ménagier de Paris ya kawo irin wannan suya da sunan da daga baya ya rikiɗe ya zama omelette, kalmar da asalinta ke nufin abu mai faɗi marar kauri kamar ruwan wuƙa. Ka ga ke nan, mai karatu, tun daga sunanta shimfiɗaɗɗiyar aba ce.

Sunan matar na yanka Anne Boutiaut, ana kiran ta Annette, an haife ta a garin Nevers a 1851. 'Yar aiki ce a gidan wani mai zanen gine-gine, Édouard Corroyer, wanda gwamnati ta ɗora wa gyaran tsohon gidan ibadar Kirista da ke kan dutsen Mont-Saint-Michel a gaɓar Normandi. Wurin ya daɗe yana matsayin kurkuku kafin a rufe shi a 1863. Annette ta bi maigidan nata can a 1872, ta haɗu da Victor Poulard, ɗan mai gidan burodin garin, suka yi aure a 1873, suka kama sana'ar saukar baƙi. A 1888 suka buɗe masaukin da har yau yake ɗauke da sunanta.

To me ya kawo ƙwai cikin maganar? Teku ne. Shi wannan dutse tsibiri ne idan ruwa ya cika, idan ya janye kuma sai a tako rairayi a iso shi, kuma bambancin cika da janyewar yakan kai mita 14. Kafin a gama hanyar da ta haɗa shi da tudu a 1879, baƙo ba shi da lokacin isowa sai wanda teku ya ba shi. Mutane su taho a jiƙe, a gajiye, ga yunwa, wani lokaci bayan an sauke tukunya. Annette ta ga babu abin da zai tari wannan yunwa da gaggawa kamar ƙwai, tunda kullum akwai shi, kuma ba ya ɗaukar lokaci a wuta. Sai ta mai da shi abin taɓawa kafin babban abinci ya nuna. Ana kaɗa shi a kwanon jan ƙarfe har ya yi kumfa, a zuba a kasko mai dogon mariƙi, a miƙa shi cikin wutar itace a gaban idon baƙi.

Da waina ta yi suna, sai surutu ya tashi a kan sirrinta. Wasu suka ce tana zuba kirim, wasu suka ce romon kaza, wasu suka ce raba farin take da kwanduwa. Wani mai suna Robert Viel ya rubuta mata takarda yana tambaya, kuma marubuciyar girkin nan ta Ingila, Elizabeth David, ta kawo amsar a rubuce-rubucenta. Abin da Annette ta gaya masa bai wuce cewa tana fasa ƙwai masu kyau, ta kaɗa su sosai, ta sa man shanu mai kyau a kasko, ta zuba, ta dinga motsawa ba. Da yawa ba su yarda ba, suna ganin ta ɓoye wani abu. Ni kam na yarda da ita, domin ilimin kimiyya ya zo ya mara mata baya.

Abin da ke ɗaga waina iska ce. Kaɗawa tana warware furotin ɗin ƙwai, ya nannaɗe ƙananan kumfar iska ya riƙe su. Idan zafi ya taɓa su sai iskar da tururin su buɗe, ƙwan kuma ya fara daskarewa tun daga wajen digiri 62 a ma'aunin Salsiyos, ya tsaya a yadda ya tashi. Ko kwanon jan ƙarfen ma yana da aikinsa: a 1984 Harold McGee da abokan aikinsa sun buga bincike a mujallar Nature, suka nuna cewa jan ƙarfe yana haɗuwa da wani furotin na farin ƙwai, ya sa kumfar ta fi daɗewa ba ta faɗi ba.

Saboda haka uwargida, ba sai kin je Normandi ba. Ki fasa ƙwai 3, ki sa ɗan gishiri, ki kaɗa da maburgi ko injin kaɗawa har launinsa ya yi haske, ya ninka yawansa. In kin zaɓi raba farin, kada ko ɗigon kwanduwa ya faɗa ciki, don maiƙonta yana hana kumfa. Ki narka man shanu a wuta matsakaiciya, ki zuba nan take kafin kumfar ta kwanta, ki rufe na ɗan lokaci, ki naɗe ta biyu tun cikinta na da danshi. Albasa da tumatir da attaruhu kuwa a soya su daban a sa a tsakiya, domin ruwansu da nauyinsu ne ke kwantar da wainar tamu.

Annette ta rasu a 1931, an binne ta a maƙabartar dutsen tare da mijinta. Hanyar 1879 ma an kawar da ita bayan an buɗe gada a 2014, amma har yanzu ana jin ƙarar maburgi a kwanon jan ƙarfe a masaukin nata. 'Yar aikin gida ce da ta lura da yunwar baƙi, ta yarda hannunta ya gaji, kuma iyakar sirrin ke nan.