Tashi da Faɗuwar TradeLens, 2018 zuwa 2023

Duk wanda ya yi aikin ofis irina ya san cewa fayil ba ya tafiya sai da ƙafar masinja, kuma ran da mai riƙe da makullin rajista ya tafi hutu, to, sai haƙuri. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku tarihin wani yunƙuri da aka yi na raba cinikin teku da wannan cuta.

A shekarar 2014 kamfanin jiragen ruwa na Maersk, na ƙasar Denmak, ya bi sawun wani kaya na furanni da fiya daga Mombasa ta Kenya zuwa Rotterdam ta Holan. Sai aka tarar kayan sun ratsa hannun mutane da hukumomi kusan 30, an kuma yi musayar takardu da saƙonni fiye da sau 200. Ga kwastan, ga masu duba lafiyar tsirrai, ga banki, ga dillali, kowa da nasa kundin. Takarda ɗaya ta ɓata, furanni su yi ta jira a bakin tasha.

Maganin da aka hango shi ne kundin sarƙa, dabarar da ta fara aiki da kuɗin Bitcoin a 2009. Wato maimakon a ajiye kundi guda a ofis guda, kowane mai hannu a cinikin yana riƙe da kwafinsa a kwamfutarsa, kuma kowane sabon shafi an ɗaure shi da na bayansa, ta yadda wanda ya goge layi ɗaya asirinsa zai tonu nan take. A watan Agusta na 2018 Maersk da kamfanin IBM na Amurka suka ƙaddamar da TradeLens bisa wannan dabara.

To, a nan gizo ke saƙa. Kundin Bitcoin kowa na iya shiga, amma na TradeLens sai da izini, kuma tun a watan Janairu na wannan shekara an riga an shelanta cewa Maersk zai riƙe kashi 51 cikin ɗari na haɗin gwiwar, IBM kuma 49. Daga baya an sake fasalin yarjejeniyar, amma zargi ya riga ya shiga zukata. Ku duba fa: ana roƙon kamfani ya zuba sunayen abokan cinikinsa da hanyoyin kayansa cikin rumbun da babban kishiyarsa ya gina. Ni dai ban ga laifin waɗanda suka ja da baya ba. A 2019 MSC da CMA CGM suka amince za su shiga, Hapag-Lloyd da ONE suka biyo baya, sai dai sa hannu daban, zuba kaya daban. A 2021 kuma wasu kamfanoni, da COSCO na Sin a cikinsu, suka kafa nasu tsarin mai suna GSBN a Hong Kong. Kundin da aka ce zai haɗa kowa ya zama biyu ke nan.

A ƙarshen Nuwamba na 2022 Maersk da IBM suka sanar da cewa za su rufe TradeLens, domin ba a samu haɗin kan dukan masu sana'ar ba, kuma bai kai ga biyan kansa ba. Injin bai lalace ba, masu hawa ne suka yi ƙaranci. A cikin watan nan dai kasuwar hannun jari ta Ostareliya ta jingine nata aikin kundin sarƙa bayan shekaru ana fama, da asarar kusan dalar ƙasar miliyan 250.

A farkon 2023 aka kashe TradeLens. A watan Fabrairu na shekarar manyan kamfanonin jiragen ruwa tara, har da Maersk, suka yi alkawarin mayar da takardar shaidar lodi ta zama ta kwamfuta gaba ɗaya kafin ƙarshen 2030, wannan karo a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta DCSA, wadda ba mallakar ɗayansu ba ce.