Maganin Shaƙa Don Ciwon Huhu Mai Daɗewa: Bayani Ga Jama'ar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada Da Doguwa

Gabatarwa

Sau da yawa a ƙauyukanmu akan ga yaro ko babba yana fama da tari mai kaki wata da watanni. A sayo masa kafso a kemis, tarin ya lafa na 'yan kwanaki, sannan ya dawo. Mun shirya wannan bayani ne domin magidanta, masu unguwanni, dagatai da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi su san wasu daga cikin cututtukan da ke haddasa irin wannan tari, da kuma wani nau'in magani da ake shaƙa domin kashe ƙwayoyin cuta a cikin huhu.

Ciwon sistik faiburosis

Wannan ciwo ne na gado wanda ke sa majinar jiki ta yi kauri ƙwarai, ta toshe hanyoyin iska a huhu da hanyoyin narkar da abinci. Wata likita 'yar Amurka mai suna Dorothy Andersen ce ta yi cikakken bayaninsa a shekarar 1938, aka kuma gano ƙwayar halittar da ke jawo shi a 1989. Ana gadonsa ne kamar yadda ake gadon sikila: idan uba da uwa duka suna ɗauke da ƙwayar, ko da lafiyarsu lau, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 na haihuwar mai ciwon. Saboda haka auren zumunci yana iya ƙara yiwuwarsa a zuriyar da ke ɗauke da ƙwayar.

Ciwon ya fi yawa a tsakanin Turawa. A Ingila ana samunsa a kimanin jariri 1 cikin 2,500. Bai kai haka yawa a Afirka ba, amma an tabbatar da shi a tsakanin baƙaƙen fata, musamman a Afirka ta Kudu. Alamominsa sun haɗa da tari mai kaki tun ƙuruciya, yawan ciwon nimoniya, rashin ƙiba duk da cin abinci, bayan gida mai maiƙo da wari, da gumi mai gishiri wanda uwa kan ɗanɗana idan ta sumbaci goshin ɗanta. Ana tabbatar da shi ta hanyar auna gishirin da ke cikin gumi.

A fara da gwajin tarin fuka

A yankinmu, abin da ya kamata a fara zato ga duk wanda ya yi tari na mako biyu ko fiye shi ne tarin fuka. Gwajin kaki da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar, kuma ana shan maganin tsawon wata shida. Sai dai wasu, bayan sun warke, akan bar su da tabo a huhu, hanyoyin iskarsu su faɗaɗa, majina ta riƙa taruwa, ƙwayoyin cuta su samu mazauni. Wannan hali ya yi kama da na masu sistik faiburosis. Ƙurar hunturu, hayaƙin itacen girki da ƙurar wuraren haƙar ma'adinai irin na Riruwai duk suna ƙara wa irin wannan huhu wahala.

Dalilin shaƙar magani

Ƙwayar cutar da ta fi addabar irin waɗannan majinyata ita ce sudomonas. Tana zama cikin majina mai kauri, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi, kuma yawancin kafson da ake sayarwa a kemis ba sa taɓa ta. Allurar da ke kashe ta kuwa, idan aka daɗe ana yi, tana iya lalata ƙoda da ji. Shi ya sa likitoci suka koma ga tura maganin kai tsaye cikin huhu, inda yake taruwa da yawa, kaɗan ne kawai ke shiga jini.

Ana zuba ruwan maganin a wata na'ura da ake kira nebulaiza, ta mayar da shi kamar hazo, majinyaci ya riƙa shaƙa ta baki na kimanin minti 15. Sanannun magungunan su ne:

1. Tobramaisin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 da sunan TOBI. Ana shaƙar miligiram 300 sau biyu a rana na kwana 28, a huta kwana 28, sannan a sake.
2. Aztiriyonam, wanda aka amince da shi a Amurka a 2010. Ana shaƙar miligiram 75 sau uku a rana.
3. Kolistin, wanda aka daɗe ana amfani da shi a ƙasashen Turai.

Waɗannan magunguna suna rage yawan ƙwayoyin cuta da yawan kwanciya asibiti, amma ba sa kawar da ciwon gadon. Likitoci kan ba da su kuma ga wasu masu faɗaɗar hanyoyin iska waɗanda gwaji ya nuna suna ɗauke da sudomonas.

Sharuɗɗan amfani

Ƙwararren likitan ƙirji ko na yara ne kaɗai ke rubuta wannan magani, bayan an duba kaki a ɗakin gwaji an san ƙwayar da ke ciki. Kafin shaƙa, akan fara da maganin buɗe ƙirji, a bubbuga baya da ƙirji a fitar da majina, sannan a shaƙi maganin. Wajibi ne a wanke kofin na'urar bayan kowane amfani, a tsabtace shi yadda aka nuna a asibiti, a bar shi ya bushe, domin sudomonas na rayuwa a wuri mai damshi. Kada mutum biyu su yi tarayya a kofi ɗaya. Haka zalika, na'urar na buƙatar wutar lantarki ko batir, wasu magungunan kuma sai an ajiye su a firji, don haka a sanar da likita halin da gida yake ciki tun farko. Idan aka ji ƙara a kunne, raguwar ji, dashewar murya ko matsewar ƙirji, a koma asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Kira ga jama'a da shugabanni

Muna kira ga iyaye da su daina maimaita kafso ba tare da gwaji ba, domin hakan ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Kada kuma a zuba ruwan allura a nebulaiza bisa shawarar mai kemis. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya na matakin farko su rubuta tarihin duk majinyacin da tarinsa ya ƙi ƙarewa bayan gwajin tarin fuka ya nuna babu, ko bayan ya kammala magani, su tura shi babban asibiti mafi kusa. Daga can ana iya tura shi Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hakimai, dagatai da kansiloli kuma su taimaka wa marasa hali da kuɗin mota, musamman na ƙauyukan Doguwa masu nisa da birni, kada tsadar hanya ta sa a bar yaro a gida har huhunsa ya lalace.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.