Daga Fadar Sin Zuwa Gafakar Malam: Hanyar da Takarda Ta Biyo

Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar wani tsohon malami a Bebeji ko Kiru, ya ɗaga falle ɗaya ya haska a rana, mai yiwuwa ne ya ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. A kan wannan tambari muke so mu kafa maganarmu.

Littattafan tarihin ƙasar Sin sun ce a shekara ta 105 wani bafade, Tsai Lun, ya gabatar wa sarki takardar da ya yi da ɓawon itace da rama da tsummoki da tsohuwar komar masunta. Masu tonon kufai sun sami guntayen da suka girme shi, saboda haka mu a ganinmu gyara ya yi, ba ƙirƙira ba. Amma gyaran nan shi ya sa takarda ta yi araha. Sana'ar ta kai Samarƙandu, ta kai Bagadaza wajen 794, daga bisani ta ƙetara Italiya. Takardar nan mai wata uku a can ake yin ta, ayari ya ɗauko ta daga Tarabulus. Barth ya lissafa ta cikin hajar kasuwar Kano a 1851. Bebeji kuwa zango ce a kan hanyar Zariya, Clapperton ma ya bi ta nan a 1826, don haka ba abin mamaki ba ne hajar Kurmi ta iso hannun malamanta.

Maganar ɗab'i ita ta fi ɗaukar hankalinmu. Wajen 1040 wani talaka, Bi Sheng, ya sassaƙa baƙaƙe ɗai-ɗai da yumɓu, ya gasa su, ana jera su a buga shafi a warware. Ba don masani Shen Kuo ya rubuta labarinsa wajen 1088 ba, da sunansa ya ɓace. Shen Kuo ɗin nan shi ne kuma ya lura allurar maganaɗisu ba ta nuna kudu sak. Duk da haka mutanen Sin suka daɗe suna fifita sassaƙa shafi sukutum a jikin katako, domin baƙaƙensu dubbai ne, kuma katako yana riƙe hannun marubuci, wanda a wurinsu ɗan'uwan zane ne.

To, mu ma haka ta faru gare mu. Injin buga littafi ya zo, Kamfanin Gaskiya ya kafu a Zariya a 1945, amma alarammomin tsangaya ba su saki rubutun da suka saba da shi ba, na ruwayar Warshu. Sai da aka iya ɗaukar hoton shafin da gwani ya rubuta, irin su Sharu Bala Gabari na Kano, a buga shi yadda yake, sannan bugaggen Alƙur'ani ya zauna sosai a makarantun allo.