Hunturu a Karaye da Rogo: Gargaɗin hazo da hanyoyin kare kai

A kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan lulluɓe ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da ke yammacin jihar Kano da ƙura da kuma ɗari.

Galibin asarar da akan yi a wannan lokaci dai ba sanyin kansa ke haddasa ta ba, hanyoyin da jama'a ke bi wajen neman ɗumi ne, da kuma tafiye-tafiye cikin hazo.

Daga ina hazon ke tasowa?

Iskar na kaɗawa ne daga arewa maso gabas, inda take kwaso ƙura daga hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi.

Da yake iskar busasshiya ce, ƙasa kan huce da sauri bayan faɗuwar rana. A watan Janairu, ma'aunin zafi a jihar Kano kan sauka zuwa digiri 13 da asuba, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Wa ke bayar da gargaɗi?

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa a shekara ta 2003, ita ke fitar da sanarwa idan ta hango ƙura na tafe.

Abin da ake aunawa shi ne iyakar nisan da ido ke iya hangowa. Idan hukumar ta ce nisan zai yi ƙasa da mita 1,000, to hazon ya yi kauri ke nan, kuma yana iya hana jiragen sama sauka a Kano.

Haka lamarin yake a Amurka, inda akan yi gargaɗin guguwar dusar ƙanƙara idan gudun iska zai kai kilomita 56 cikin sa'a guda, hangen ido kuma ya gaza mita 400, har na tsawon sa'o'i uku.

Su wa abin ya fi shafa?

A yankin Karaye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992. Masunta da manoman rani da ke sammako zuwa bakin ruwa na cikin waɗanda suka fi shan ɗari, ko da yake masu noman alkama na maraba da shi domin amfanin nasu na buƙatar sanyi.

Sai kuma jarirai, da tsofaffi, da masu cutar asma, da almajiran da ke kwana a zaure ba tare da isasshen mayafi ba.

Haɗarin wuta a ɗaka

Garwashin gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi. Idan aka bar kaskon wuta ko kurfoti a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, mutum na iya mutuwa cikin barci.

Alamun farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya. Duk wanda aka ga haka a tare da shi, sai a fitar da shi sarari nan take, a kuma garzaya da shi asibiti.

Bugu da ƙari, dangar kara da rufin ciyawa da harawar da aka ɗora a bisa rumfa duk sun bushe a wannan lokaci, ta yadda tartsatsi ɗaya kan isa ya cinye gida da rumbunsa.

Matakan kariya

A fitar da garwashi waje, a kashe shi da ruwa kafin a kwanta.

A sanya wa yara rigar sanyi da hula da safa, a kuma jinkirta yi musu wanka har rana ta ɗaga.

A rufe hanci da baki idan ƙura ta yi yawa, a yawaita shan ruwa, a shafa man kaɗe domin maganin kaushi da faso.

Direbobi da 'yan acaɓa su kunna fitila ko da rana ne, su kuma rage gudu.

Bayan hunturu

Bushewar iska da ƙura kan raunana hanci da maƙogwaro, abin da ke share fage ga cutar sanƙarau, wadda ta fi tsananta da shigowar bazara.

A annobar 1996, cutar ta hallaka mutane fiye da 11,000 a Najeriya, akasarinsu a arewacin ƙasar. Zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya alama ce da ke buƙatar zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.