Abin da ya kamata a sani kafin sayen tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska don ratsa teku

A kowace shekara, a ƙarshen watan Nuwamba, ɗaruruwan ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda Faransawa ke kira voiliers, na tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa tsibirin Saint Lucia na yankin Karibiyan. Tafiyar ta kai kusan mil 2,700 na teku, kuma tana ɗaukar mako biyu zuwa uku. Wasu kan yada zango a Mindelo ta ƙasar Cap-Vert, wasu a Dakar. Da yawa daga cikin jiragen nan ba sababbi ba ne, an saye su ne a hannun masu su na farko. Masana harkar na jan hankali cewa kuɗin da aka rubuta a tallar jirgi ba shi ne ainihin abin da mai saye zai kashe ba, kuma abin da ke hallaka mutane galibi yana ɓoye ne a ƙarƙashin ruwa.

Wane irin jirgi?

Tun daga shekarun 1960 aka koma ƙera mafi yawan irin waɗannan jirage da roba mai haɗe da zaren gilashi maimakon katako. Kamfanoni irin su Beneteau da Jeanneau da Amel a Faransa, da Hallberg-Rassy a Suwidin, sun fitar da jirage masu yawa da har yanzu ke yawo a kasuwar hannu. Tun daga 1998, jiragen shaƙatawa da ake sayarwa a Tarayyar Turai dole su kasance da alamar CE da ke nuna rukuninsu, daga A zuwa D. Rukunin A shi ne na tsakiyar teku, wanda aka tsara don jure iska mai ƙarfi da igiyar ruwa da ta haura mita 4. Sai dai alamar tana magana ne kan yadda aka ƙera jirgin, ba halin da yake ciki bayan shekara ashirin ba.

Inda haɗarin yake

A ƙasan mafi yawan irin waɗannan jirage akwai wani ƙarfe mai nauyi da ke hana su kifewa, wanda galibi ake ɗaure shi da manyan ƙusoshi. A watan Mayun 2014, jirgin Cheeki Rafiki ya rasa wannan ƙarfen a tsakiyar Tekun Atlantika yayin da yake komawa Ingila daga Antigua, ya kife, kuma mutane huɗu da ke ciki suka rasa rayukansu. Binciken hukumomin Birtaniya ya yi nuni da cewa jirgin ya taɓa cin karo da ƙasa a baya. Saboda haka tambayar farko da ake yi wa mai sayarwa ita ce ko jirgin ya taɓa bugun dutse ko rairayi.

Sai wayoyin ƙarfen da ke riƙe doguwar sandar jirgi. Suna iya tsinkewa ba tare da wata alama ba, shi ya sa kamfanonin inshora da dama ke son a sauya su bayan kimanin shekara goma. Ana kuma duba jikin jirgin ko ruwa ya shige shi ya haifar da ƙuraje, da bawul ɗin da ke ƙasa, da matuƙi, da injin dizal da adadin sa'o'in da ya yi aiki.

Kafin a biya kuɗi

Ƙa'idar da ba a tsallakewa ita ce ɗaukar ƙwararren mai binciken jiragen ruwa wanda mai saye ne ya zaɓe shi kuma shi zai biya shi, ba dillali ba. A ciro jirgin daga ruwa a duba ƙasansa, sannan a gwada shi a teku. A tantance takardun mallaka, da shaidar biyan harajin TVA idan a Turai jirgin yake, a kuma tabbatar babu bashin banki a kansa, domin bashin yakan bi jirgin zuwa hannun sabon mai shi.

Mai saye ya ware wani kaso na kuɗinsa don gyara da kayan ceto: kwale-kwalen gaggawa, da na'urar neman agaji da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam a kan mitar 406 MHz, da isassun tankunan ruwan sha. Lokacin tafiya ma na cikin lissafi, tunda daminar guguwa a Atlantika tana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

Tsufa kaɗai ba aibi ba ne. Joshua Slocum, mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898, ya yi tafiyar ce a wani tsohon jirgin kamun kawa mai suna Spray da aka ba shi yana ruɓewa, amma sai da ya sake gina shi katako bayan katako kafin ya kama hanya.