Ruwan Sanyaya Injin Jirgin Ruwa: Yadda Yake Aiki da Abin da Ke Toshe Shi

Ni ɗan Jakusko ne a jihar Yobe. Can wajenmu, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, idan damina ta yi nisa kwalekwale ne motar ƙauyuka da yawa. Lokacin ambaliyar 2022, mahaifina ya aike ni karɓo kuɗin shanu, sai injinmu ya mutu a tsakiyar ruwa, ga mata da yara a ciki. Da gora aka fitar da mu. Ashe ciyawa ce ta toshe masa hanyar shan ruwa. Tunda 'yan uwanmu da yawa a Legas, Onica da Fatakwal suna hawa jirgi ko tuƙa shi, ga abin da na koya tun daga ranar.

Yadda yake aiki

Injin jirgi ba ya ɗaukar ruwansa kamar mota. Ruwan da yake tafiya a kai, shi yake zuƙa. A ƙafar injin, sama kaɗan da farfela, akwai ƙananan ramuka. Ta nan ruwa ke shiga, sai wata roba mai fukafukai da makanikai ke kira impela ta tura shi sama, ya zagaya injin ya kwashe zafi, ya fita tare da hayaƙi.

Iri biyu ne. Akwai wanda ake ratayawa a bayan kwalekwale, kamar Yamaha, shi muka fi sani. Akwai kuma wanda injin ke cikin jirgi, ƙafarsa kaɗai ke waje, kamar MerCruiser da Volvo Penta. Na ratayawa yana da ɗan rami da ke tsartuwar ruwa, direbobi na cewa inji na fitsari. Na cikin jirgi galibi ba shi da wannan, sai dai ka sa ido kan agogon zafi, ka kuma riƙa duba tiyon da ke kai ruwa daga ƙafa zuwa inji.

Abin da ke toshe shi

A fadamar Haɗeja da Nguru, babbar matsalar kachala ce, wadda ta yaɗu bayan gina madatsar Tiga da ta Challawa, sai yashi da laka idan ruwa ya ja. A Legas kuwa, leda ce da ciyawar nan mai shawagi da ke rufe hanyar Ikorodu. Ruwan gishiri ma yana barin daskararren gishiri a ciki. Kai, har zanzaro yakan gina ɗaki a ramin fitsarin idan inji ya daɗe a ajiye.

Abin da za ka yi

Kada ka taɓa kunna inji a tudu babu ruwa. Impela ta bushe, cikin ƙasa da minti ɗaya sai ta ƙone.

Da ka tayar, dubi fitsarin. Idan babu, ko ya yi rauni, kashe nan take. Ɗaga ƙafar ka cire abin da ya naɗe, ka zura siririyar waya a ramin.

Kada ka ɗaga ƙafar har ramukan su fito waje alhali inji na aiki. A ruwa marar zurfi, rage gudu.

A buɗe impela a duba aƙalla sau ɗaya a shekara, inda yashi ya yi yawa ma fiye da haka. Idan fiffike ɗaya ya karye, a nemo guntun, don yakan maƙale a ciki.

Mai aiki a ruwan gishiri ya riƙa wanke cikin injin da ruwan daɗi.

Kai kuma fasinja, idan ka ga tururi ko ka ji ƙaurin roba, yi wa direba magana, kada ka ji kunya. Kuɗin impela bai kai na injin da ya buga ba, balle rai. Allah Ya tsare hanya.