Gobarar Stardust da Iyayen da Suka Ƙi Yin Shiru

A daren 14 ga watan Fabrairu, 1981, wuta ta tashi a wani gidan rawa da a ke kira Stardust, a unguwar Artane da ke arewacin Dublin, babban birnin ƙasar Ailan. Samari da 'yan mata fiye da 800 ne ke ciki, galibinsu 'ya'yan leburori da masu aikin hannu. Da suka ruga ƙofofin gudun haɗari sai suka tarar waɗansu a kulle, waɗansu an naɗa musu sarƙa, tagogin bayan gida kuma an toshe su da ƙarfe. Mutum 48 suka rasu, fiye da 200 suka ji ciwo.

Nan da nan Gwamnati ta naɗa Alƙali Ronan Keane ya bincika. A cikin 1982 ya miƙa rahotonsa, ya zargi masu gidan ƙwarai bisa kulle ƙofofi, amma kuma ya rubuta cewa ga alama wani ne ya cinna wutar da gangan. To, a nan gizo ya yi saƙa. Ba a kawo shaida guda wanda ya ga mai cinnawa ba, duk da haka maganar ta shiga littafin Gwamnati, abin da ya shiga can kuwa ya fi rubutun dutse wuyar gogewa. Bisa dokar wancan zamani, in an yi wa mutum ɓarna da gangan hukumar gari ke biyansa, saboda haka aka biya masu gidan wajen fam 580,000. Su kuwa iyaye aka bar su da zargin cewa mai yiwuwa a cikin 'ya'yan unguwarsu ne mai laifin ya ke. Ba a gurfanar da kowa gaban shari'a ba.

Daga nan iyaye suka shiga safa da marwa tsakanin ofisoshi. An ba su diyya a wajen 1986, alhali abin da su ke nema shi ne a sake bincike. A cikinsu akwai John Keegan da matarsa Christine, waɗanda suka rasa 'ya'ya mata biyu, Mary da Martina, ta uku, Antoinette, ta tsira da rauni. John ya rasu cikin 1986, uwa da 'ya suka ɗauki kayan.

Mai karatu ya lura da dabarar da Gwamnatoci suka yi ta bi, ko wace jam'iyya ke mulki. Ba su cika cewa a'a ƙiri ƙiri ba. Sai su ce in an kawo sabuwar hujja za su duba, sa'an nan su naɗa masanin shari'a guda ya karanta tsofaffin takardu, watau an ɗora wa mai makoki aikin ɗan sanda ke nan. Haka aka yi da lauya Paul Coffey, wanda ya tarar babu hujjar cinna wuta. A 2009 Majalisa ta janye wannan zargi, bayan shekara 27, amma aka ce babu amfanin sabon bincike. A 2017 tsohon alƙali Pat McCartan ya sake dubawa, shi ma ya faɗi haka. Iyaye suka yi watsi da rahotonsa.

A 2018 suka tara katin wasiƙa 48,000, dubu guda ga kowane mamaci, suka yi jerin gwano suka kai ofishin Babban Lauyan Gwamnati, Séamus Woulfe. A Satumba 2019 ya ba da umurni a sake binciken sanadin mutuwar, domin na 1982 bai wuce faɗin abin da likita ya gani a jikin gawa ba.

An fara zama a Afrilu 2023, aka shekara ana sauraron shaidu. Ran 18 ga Afrilu, 2024, masu taya alƙali shari'a suka yanke cewa duka 48 ɗin kisa ne da doka ta haramta, wutar kuma daga lalacewar wayar lantarki ta tashi, a wani ɗan ɗaki na tankin ruwan zafi. Bayan kwana 5 Firayim Minista Simon Harris ya miƙe a Majalisa ya roƙi iyalan gafara da sunan ƙasa, a watan Agusta kuma aka amince da diyyar Yuro miliyan 24. Antoinette Keegan ta ga wannan rana. Mahaifiyarta kuwa Allah ya yi mata cikawa tun 2020, wata 10 bayan umurnin Babban Lauya.